Yadda Ake Cika Kundin Gasar Masu Rediyo

A Madachi, kamar sauran garuruwan ƙasar Rano da Kibiya, rediyo abin saurare ne: a rataya ta a reshe, a ci gaba da girbi. Amma akwai wasu masu rediyo a duniya da sha'awa kawai ta sa suka nemi lasisi suna magana da juna kai tsaye ta gajeren zango. Kowa da lambar kiransa. Ta Najeriya da 5N take farawa, ta Nijar da 5U. Babbar gasarsu ita ce CQ World Wide, wadda ake yin ɓangarenta na murya a ƙarshen makon Oktoba na ƙarshe, sa'a 48 cur. Abin da ake kawo wa alƙalai ba murya ba ce, kundi ne.

A ce ga mai lasisi a Madachi zai shiga. Tun kafin ranar zai ɗora manhajar rubuta kundi a kwamfuta. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce N1MM Logger+, kyauta ce, a kan Windows take aiki. Ya zaɓi sunan gasar, ya shigar da lambarsa da shiyyarsa. Duniya an kasa ta shiyya 40, Najeriya tana ta 35, tare da Nijar da Ghana. Sai ya haɗa rediyo da kwamfuta da waya, don manhajar ta riƙa karanta mita da kanta. Batir da farantin sola kuwa, wanda ya san halin wutarmu ba sai an tuna masa ba.

Agogo ne tarkon farko. Da agogon GMT ake rubuta komai, namu kuma ya riga shi da awa ɗaya. Saboda haka gasar da aka ce za ta fara sha biyun dare, a Madachi ƙarfe ɗaya ne na daren Juma'a wayewar Asabar.

Da an fara, magana ba ta wuce daƙiƙoƙi. Babu ina kwana, babu ya iyali, abin da zai yi wa Bahaushe nauyi da farko. Bajamushe ya faɗi lambarsa ya ce 59 14, kai ka ce 59 35, shi ke nan. Lamba ta farko ingancin sauti ce, ta biyu shiyya. Kana buga lambar mutum, manhajar za ta nuna maka ƙasarsa, ta gaya maka ko kun riga kun gaisa a wannan zangon cikin zanguna shida na gasar, don maimaici ba ya kawo maki. Idan ƙara ta cinye rabin lambar, manhajar tana da jerin sanannun 'yan gasa da za ta kawo maka masu kama da ita. Nan ne nake ganin mutum ya kamata ya yi hattara: manhaja hasashe take yi, kunne ne shaida. Gara ka ce ya maimaita sau uku.

Lissafin maki kuma manhajar ce take yi. Wata nahiya maki 3, wata ƙasar Afirka maki 1, ɗan Najeriya ɗan'uwanka ba maki. Sai a ninka jimilla da yawan ƙasashe da shiyyoyin da ka samu a kowane zango cikin shida. Mai maki 600 da ninki 80 ya tashi da 48,000. Shi ya sa Turawa za su yi maka rubdugu: tashoshi a shiyya ta 35 ba su da yawa, kai ne ninkin da suke nema.

Bayan an tashi, sai manhajar ta fitar da kundin a tsarin da ake kira Cabrillo, a tura ta intanet cikin wa'adi, wanda gajere ne. Daga nan kwamfutar alƙalai ta gwama kundinka da na kowa, kamar yadda dillali da mai kaya ke zama kowa ya buɗe littafinsa. Ka ce kun yi magana da wani a Japan, kundinsa bai san da kai ba, ko ka kuskure harafi ɗaya a lambarsa? Za a soke wannan, a kuma ci ka tarar maki a kai.