Baƙin Sallah da Toshewar Bututu

Tambaya: 'Yan uwa za su sauka gidana da Babbar Sallah, ga shi bara banɗaki ya toshe mana. Yaya zan yi? Daga wata uwargida a Gama.

Amsa: Hajiya, fara da kitsen layya. Ana zuba shi a sinki da zafinsa, ya huce ya daskare cikin bututu, ya tare gashi da ɓarɓashin abinci. Juye shi a gwangwani. Tumbi da hanji kuwa a wanke su a baho, a tace kafin ruwan ya shiga kwata.

Masai ma ba ya tafiya da guntun ruwan buta, ga Gama da tsadar ruwan 'yan garuwa. Cika duro tun jajibere, ki ajiye kwandon famfas a banɗaki don kada a jefa famfas a masai. Idan sokawe ya fara wari, a kwashe shi yanzu, domin ranar Sallah mai gyaran famfo ma yana kan ragonsa.