Buzuzu da Taurari

Kowane yaro ya san buzuzu, ƙwaron nan da ke mulmula kashin shanu, yana tura shi da ƙafafun baya. In ya gama mulmulawa, tilas ya miƙe sosai ya yi nisa, gama 'yan'uwansa ɓarayi ne. In ya yi kewaye ya komo wurin kashin, sai su ƙwace masa abinci. To, a daren da babu farin wata, me ke nuna masa hanya?

A shekarar 2013 waɗansu masana na ƙasar Suwidin da Afirka ta Kudu suka ba da amsa. Sun sa wa buzuzu 'yar hular kwali wadda ta kare masa sama. Nan da nan ya ruɗe, ya yi ta karkace-karkace. Sa'an nan suka kai shi wani ɗaki a birnin Johannasbag, inda ake haska siffar taurari a rufi. Ashe farin zirin nan na taurari, wanda ya ratsa sararin sama, shi yake bi. Da suka kashe hasken zirin, sai tafiyarsa ta lalace.