Darasin Turanci: Aikin Da Ya Wuce Amma Sawunsa Na Nan

 

Ya ku ɗalibai da iyayen yara, a wannan fitowa za mu ɗan jingine nahawun Larabci mu leƙa na Bature. Dalili kuwa, wata ɗalibata ta kawo mini littafinta na boko, na tarar malaminsu ya sa jan biro a jimla bakwai cikin goma, kuma duk kuskuren iri ɗaya ne. Ga ɗaya daga ciki: I have seen my uncle yesterday. Irin wannan ɗan abu ke zubar wa yaro maki, alhali wanda bai samu kiredit a Turanci ba a WAEC ko NECO, shiga jami'a sai ya gagare shi, ko da Shari'a yake son karantawa.

Sunan wannan babi present perfect tense. Gininsa ba wuya: a kawo have ko has, a bi shi da siffa ta uku ta fi'ili. Has ta mufradi ga'ibi ce, wato he da she da it, saura duk have. Siffa ta uku kuwa, mafi yawan fi'ilai ed ake ƙara musu, amma akwai masu taurin kai, kamar go, went, gone, da eat, ate, eaten, da write, wrote, written. Waɗannan ba su da wata dabara sai hadda, yadda kuke haddace tasrifi.

Inda gizo ke saƙar shi ne ma'ana. Bahaushe idan ya ce “na ci abinci”, ko jiya ya ci ko yanzu ya tsame hannu, lafazin ɗaya ne. Bature ya raba su biyu. To, ku da kuka karanta Ajurrumiyya kuna da tsani. Ku tuna ƙad tana cikin alamomin fi'ili, kuma malaman nahawu sun ce idan ta shiga kan fi'ili mali, ɗaya daga ayyukanta shi ne ta kusanto da shi zuwa halin da ake ciki. Shi ya sa muke jin ta a cikin iƙama: mai tayar da salla ba labarin jiya yake ba mu ba, cewa yake a miƙe a daidaita sahu. Haka have take. Wanda ya ce I have lost my slate yana nufin allonsa ya ɓace, kuma har yanzu hannunsa wayam. Wanda ya ce I lost my slate last week labari kawai ya bayar, wataƙila ma ya gan shi tuni. Korewar ma ta yi kama: lamma ta Larabci ita ce “bai yi ba tukuna”, ita ce has not yet. Misali: The rain has not come yet, ruwa bai sauka ba tukuna, amma manomi na sa rai.

Sai dai kada a ja ƙiyasin ya wuce iyaka. Balarabe na iya haɗa ƙad da amsi, wato jiya, ba wanda zai ce ya yi lahani. Bature bai yarda ba. Da zarar an ambaci lokacin da ya riga ya shuɗe, jiya ko bara ko shekara kaza, have ta fita. Abin da ya kamata yarinyar nan ta rubuta shi ne: I saw my uncle yesterday.

Mu ɗauki madatsar ruwa ta Tiga da ke nan Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. In kana ba da labarin gamawar, sai ka ce: They completed Tiga Dam in 1974. In kuwa nufinka tana nan tun daga lokacin har yau, sai ka ce: Tiga Dam has stood there since 1974. Shekarar ɗaya ce, amma since ta jawo igiyar har ta iso yau. A nan ne yaranmu suka fi faɗawa rami, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Da Hausa cewa muke “ina zaune a Kiru tun 2015”, Larabci ma mulari'i yake kawowa tare da munzu, sai yaro ya ɗauko wannan ya rubuta I am living in Kiru since 2015. Daidai shi ne I have lived in Kiru since 2015. Kuma munzu ɗaya tilo Bature ya tsaga ta biyu: since ga mafarin lokaci, for ga tsawonsa, kamar for ten years, shekara goma ke nan.

Saura gone da been, waɗanda ni kaina sun taɓa ba ni kunya. Ina sabon fara koyarwa wani jami'in ilimi ya zo neman shugaban makarantarmu, ni kuma ina son in nuna masa mutumin Alhaji ne, na ce he has gone to Makka. Baƙon nan ya tattara takardunsa zai juya, alhali malam na bayan aji yana alwala! Has gone: ya tafi bai dawo ba. Has been: ya taɓa zuwa ya dawo. Duk inda kuka ji “taɓa” a Hausa, to wannan babin ne: Have you ever been to Riruwai? Ka taɓa zuwa Riruwai? I have never seen Falgore forest, ban taɓa ganin dajin Falgore ba.

Iyaye, ba sai kun iya Turanci za ku taimaka ba. Bayan Magariba ku tambayi yaro da Hausa, “Ka yi salla? Ka wanke allonka? Ka taɓa zuwa Kwanar Ɗangora?” shi kuma ya mayar da Turanci da ƙarfi, yayyensa na sakandare su gyara masa.

Aikin gida: kowa ya juya waɗannan zuwa Turanci. Baba ya tafi Tudun Wada sayen shinkafa, bai dawo ba tukuna. Mun sauke hizifi biyu bara. Yayata tana zaune a Doguwa shekara biyar ke nan. Ɗaya daga cikin ukun ba ta karɓar have ko has, sai a gano ta a faɗi dalili. A kawo mini ranar Asabar kafin a shiga darasin Fiƙihu.