Yadda Ake Kwantar da Ruwan Kwara da 'Ya'yan Zogale

Da damina ta kankama, ruwan Kwara da ke shigowa Najeriya ta wajen Lolo ya gangara Illo yakan koma kamar kunun kanwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar fadamun Bagudo, ya san laka har cikin rijiya take bin mutum. An saba jefa alif a randa, amma alif sai da kuɗi, alhali ga zogale tsaye a bayan ɗaki, ganyensa kaɗai ake ci, 'ya'yan suna zuba a banza.

Uwargida, fara da zaɓen 'ya'yan. Sai waɗanda suka bushe a kan bishiya, kwansonsu ya yi ruwan ƙasa har yana tsagewa. Ɗanye ba ya aiki sosai. Ki ɓare, ki cire baƙin ɓawon mai fukafukai, ki ɗauki farar ƙwayar ciki. Wadda ta yi baƙi ko ƙwaro ya huda, ki zubar.

Awon shi ne ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya idan ruwan ya yi jawur, wato ƙwaya 20 ga jarka mai lita 20. In gurɓatar kaɗan ce, 10 sun isa. Kada ki ce bari in ƙara don ya fi kyau. In ya yi yawa ruwan fari-fari zai yi, ya ƙi kwanciya.

Ki daka a turmi mai tsabta, ba wanda aka daka yaji ba, ki tankaɗe. Ki zuba garin a kwalba da ruwa mai kyau kofi ɗaya, ki girgiza minti biyar har ya zama kamar madara, sannan ki tace da farin ƙyalle cikin bokitin ruwan.

A juyi ne akasari ake yin kuskure. Da farko ki juya da ƙarfi minti biyu, sannan ki sassauta hannu, a hankali kamar mai gudun tada jariri, na minti 10 zuwa 15. Dalili kuwa, akwai wani furotin a ƙwayar da ke kama ƙananan burbushin laka yana haɗa su dunƙule-dunƙule. Juyin farko shi ke baza shi, na biyun shi ke bari dunƙulen su girma su yi nauyi. Mai gaggawa wargaza su take yi.

 Matan ƙauyukan Sudan ma sun daɗe suna gyara ruwan Nilu da zogalen nan namu.

Ki rufe bokitin, kada kowa ya taɓa, awa ɗaya zuwa biyu. Sai ki tsiyaye na sama a hankali ta cikin ƙyalle. Lakar da ta rage a zuba a gindin shuka, ruɓewa za ta yi.

Kada hasken ruwan ya ruɗe ki. Zogale yana jan yawancin ƙwayoyin cuta ƙasa tare da lakar, amma ba ya kashe su duka, kuma amai da gudawa ba baƙo ba ne a Kebbi. Ki tafasa ruwan sha, ko ki sa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikinsa. Ki haɗa na yini ɗaya kawai, domin in ya kwana wari yake somawa. Garin ma kullum sabo za ki daka. Ƙwayar ce ake adanawa da ɓawonta, a busasshen wuri.