Kamfani Mai Kai Biyu

'Yan'uwana ɗalibai, ko kun san Lux ɗin da muke wanka da shi da Omon da muke wanki da shi duk na kamfani ɗaya ne? Sunansa Unilever. An kafa shi a 1929, sa'ad da Lever Brothers na Ingila suka haɗa jari da Margarine Unie na Holan. Dukkansu manja da man gyaɗa suke bukata, don haka suka riƙe UAC, watau kamfanin da ya riƙa sayen gyaɗar kakanninmu a Kano.

Abin da ya fi ba ni mamaki, har 2020 hedkwatarsa biyu ce, Landan da Rotadam, shugabanni suna ta kai da kawo a tsakani. Manajan da aka turo Ikko kuwa, a da sai ya yi wajen mako biyu cikin jirgin ruwa daga Libaful, kuma in ya zo sai ya daɗe, har ya san dillalansa ɗaya ɗaya. Yanzu awa bakwai ta isa a jirgin sama. A ganina manomi bai ci ribar wannan sauri ba, domin baƙon yakan sauka otal ne, ya duba lissafi, jibi ya koma.