Duba Sabon Babur Kafin a Bar Shago

Baburan da ake sayarwa a kasuwannin Kano, Kaduna da Maradi ba duka ne ke zuwa a haɗe ba. Bajaj Boxer da TVS 'yan Indiya ne, Jincheng da Haojue kuma 'yan ƙasar Sin, kuma da yawansu a kwali suke isowa: ƙafar gaba a kwance, kai a cire, batir na gefe guda. A nan gida ne bakanike zai zauna da sufana ya haɗa. Wani gwani ne. Wani kuwa yaron shago ne da aka jibge wa kwalaye, maigida na tsaye a kansa yana cewa ya yi sauri. Sau da yawa matsalar sabon babur daga wannan hannu na ƙarshe take fitowa.

Shi ya sa tsofaffin 'yan acaɓa ba sa zuwa sayen babur su kaɗai. Sukan tafi da bakanikensu, su biya shi ladan wuni. Leda da ƙyalli ba sa ruɗar sa.

Abin da yake fara taɓawa shi ne baƙin mai. Yakan tsayar da babur cak a wuri mai lebur, ya zaro ma'auni, ya goge, ya sake tsomawa. Injin da aka tayar da mai kaɗan yana iya cinye kansa tun kafin a kai gida, kuma babu dilan da zai yarda cewa laifinsa ne. Daga nan sai notuna, musamman na ƙafar gaba da na kai, don su ne aka ɗaura a kasuwa. Sai ya ɗaga ƙafar ya juya ta. In tana lilo hagu da dama, ko birki na goga, akwai gyara. Ya kuma juya kai zuwa ƙarshe ta kowane ɓangare, injin na aiki. In injin ya ƙara ƙugi da kansa, to an bi da wayar totur ta inda bai dace ba, kuma wannan yana iya kayar da mutum a kwana.

Sarƙa ma tana da ƙa'ida. In aka danna ta da yatsa a tsakiya, ya kamata ta motsa kamar santimita 2 zuwa 3. Mai tauri tana cin haƙoran da take bi, mai sako-sako kuma tana iya zamewa ana cikin gudu.

Fitila, sigina da hon, minti ɗaya ya isa a gwada su. A leƙa ƙarƙashin tanki da kafireta ko fetur na ɗiga.

Akwai kuma inda karatu ke da rana. A jikin taya akan buga lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 1224, an yi tayar a mako na 12 na shekarar 2024. Ta haka ake gane babur ɗin da ya daɗe a sito, wanda robarsa ta fara bushewa ko batirinsa ya yi sanyi. Sai lambar jiki, wadda ake bugawa a wuyan babur, yawanci haruffa da lambobi 17, da lambar inji da ke jikin injin ta ƙasa. Mai saye ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya gwada da abin da aka rubuta a rasit. Harafi ɗaya in ya saɓa, zai sha wahala a wurin yankan lamba, ranar da 'yan sanda suka tare shi kuma sai ya rasa bakin magana.

Dila zai ce, "Alhaji, ai sabo ne dal, me za a duba?" Bakanike ba ya musu da shi. Yakan nemi a zuba fetur lita ɗaya, ya hau ya zagaya, ya shiga kowace giya, ya taka birki, ya saurari injin. Abin da ya gano a gyara shi nan take ko a canja babur ɗin, tun kuɗi na aljihun mai saye. Kafin su tafi kuma yakan buɗe littafin da ke zuwa a kwalin, ya nuna wa mai babur kilomitar da kamfani ya ce a yi juyen mai na farko.