Darasi na 12: Shirin Ziyarar Wuraren Tarihi a Birnin Kano

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya ambata wasu wuraren tarihi na Kano, ya bayyana yadda ake shirya tafiya lafiya, kuma ya yi amfani da jimlolin umarni da na hani.

Karatu

Hausawa suna cewa, "Gani ya kori ji." Ɗalibin da yake koyon Hausa a Ibadan ko Inugu ko Kalaba yakan karanta labarin ganuwar Kano a littafi, amma sai ranar da ya tsaya a gindinta zai gane girman aikin da mutanen da suka yi. Wannan ya sa wasu makarantu sukan shirya wa ɗalibansu ziyarar gani da ido. Tafiyar tana da nisa, domin daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne a mota. Amfanin da za a samu da lafiyar matafiya duka sun dogara ne ga shirin da aka yi tun a gida.

*Abin da za a gani*

Matakin farko shi ne sanin wuraren da za a ziyarta. Dutsen Dala yana cikin tsohon birni, kuma a kewayensa ne mutanen farko suka zauna. Tarihi ya ambaci shugabansu mai suna Barbushe. Wanda ya hau kan dutsen zai hangi birnin ta kowace fuska.

Ganuwa kuwa katanga ce ta ƙasa wadda ta kewaye tsohon birni don kariya daga mahara. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara gina ta. Tana da ƙofofi da yawa, kamar Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Mata da Ƙofar Kabuga.

Sarki Muhammadu Rumfa ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A zamaninsa aka faɗaɗa ganuwa, aka kafa Kasuwar Kurmi, aka kuma gina Gidan Rumfa, wato fadar Sarkin Kano. Kusa da fadar akwai Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. A cikinsa ana iya ganin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da kayan yaƙi da hotunan sarakuna. A Ƙofar Mata kuma akwai karofi, inda marina suke rina tufafi da baba a cikin ramuka masu zurfi, kamar yadda kakanninsu suka yi.

*Lokaci da tsari*

Mataki na biyu shi ne zaɓen lokaci. Da bazara, wato daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Kano yakan kai digiri 40. Da damina kuma ruwa yakan ɓata hanyoyi, ya sa santsi a kan dutse. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin yawo, sai dai akwai ƙura da sanyin safiya. Saboda haka kowa ya riƙe rigar sanyi da man shafawa, mai ciwon asma kuma kada ya manta da maganinsa.

Bai kamata a haɗa komai a yini guda ba, domin sauri ya haifi nawa. A rana ta farko ana iya hawan Dala da sanyin safiya, sannan a gangaro Kasuwar Kurmi. A rana ta biyu a je Gidan Makama da ƙofar fada, a ƙare da karofi. A tuna cewa ranar Juma'a da tsakar rana hanyoyin da ke kusa da babban masallaci sukan cika da masallata. Kafin a tashi, shugaban makaranta ya rubuta wa hukumomin wuraren takarda, iyaye su ba da izini a rubuce, a kuma ƙididdige kuɗin mota da masauki da abinci, tare da ware wani abu don ko-ta-kwana.

*Tsaro a hanya*

Rigakafi ya fi magani. Wasu manyan hanyoyin ƙasarmu suna fama da haɗurra da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane. Don haka dole malamai su binciki halin da hanya take ciki kafin ranar tafiya, daga jami'an tsaro da direbobin da suka saba bin ta. Idan labari bai yi daɗi ba, a ɗage tafiyar ko a sauya hanya. Ɗage tafiya ba abin kunya ba ne, domin Dala ba ya zuwa ko'ina, rai kuwa ba shi da madadi.

A yi tafiya da rana, a yada zango kafin magariba. A shiga mota a tasha, a rubuta sunan kowane fasinja da lambar wayar danginsa. Kada a tsaya ɗaukar wanda ba a sani ba, kada kuma a riƙa sanar da jama'a inda aka kai ta Facebook ko WhatsApp. Idan haɗari ya auku, ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122, ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112.

A cikin gari, a raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da malaminsa, a riƙa kiran suna kafin a bar kowane wuri. Lungunan Kurmi matsattsu ne, sun kuma yi kama da juna, baƙo yana iya ɓata cikin minti kaɗan. Wanda ya rabu da 'yan'uwansa ya tsaya a rumfar wani dattijo ya kira malaminsa. A karofi a yi nesa da bakin rami. A sha ruwa mai tsabta, a kwana cikin gidan sauro.

*Ladabin baƙo*

Baƙo mai ladabi shi yake samun mai nuna masa hanya. A sa tufafi masu rufe jiki, a fara da gaisuwa kafin tambaya, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko a shiga masallaci. Su ma wuraren tarihi suna bukatar kariya daga gare mu. Sassa da yawa na ganuwa sun riga sun rushe saboda ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gine-gine. Ginin ƙasa ba ya jure tattaki. Duk wanda ya hau kanta don ɗaukar hoto, ko ya kankare ta ya rubuta sunansa, ya rage wa na baya abin da za su gani.

Tattaunawa

Ɗaliba: Salamu alaikum. Baba, ina wuni?
Dattijo: Lafiya lau, 'yata. Daga ina?
Ɗaliba: Daga kudu muke, mun zo ziyara. Don Allah, ina hanyar Gidan Makama?
Dattijo: Ku miƙe nan, in kun kai fada sai ku sake tambaya. Ba nisa.
Ɗaliba: Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri.
Dattijo: Amin. Ku sauka lafiya.

Sababbin kalmomi

- ganuwa: katangar da ta kewaye birni
- karofi: wurin da ake rini
- baba: tsiron da ake samun shuɗin launi daga gare shi
- yada zango: tsayawa a huta ko a kwana a hanya
- masauki: wurin da baƙo yake kwana

Nahawu: umarni da hani

Ana ba da umarni ga mutane da yawa da *ku*: Ku riƙe ruwa. Ana hani da *kada*: Kada ku hau ganuwa. Idan ba a ambaci wani mutum ba, sai a yi amfani da *a*: A tashi da wuri. Kada a yi tafiyar dare.

Tambayoyi

1. Wane sarki ne ya fara gina ganuwar Kano?
2. Kawo abubuwa biyu da aka yi a zamanin Muhammadu Rumfa.
3. Don me hunturu ya fi bazara dacewa da wannan ziyara?
4. Me ya kamata ɗalibin da ya ɓata a kasuwa ya yi?
5. Bayyana ma'anar "Rigakafi ya fi magani."

Aiki

Zaɓi wani wurin tarihi a jiharku, kamar Dutsen Olumo a Abeokuta ko dajin Osun a Osogbo. Rubuta wa baƙo Bahaushe jimlolin umarni biyar da na hani biyar waɗanda za su taimake shi ya je lafiya, ya dawo lafiya.